Na taso a ƙauye, 'ya'yana a birni: ina za su samo halin da na samu?

Tambaya: Malam, a ƙauye aka haife ni, a can na girma, kuma ina ganin duk ɗan abin kirkin da ke jikina can na samo shi. Yanzu aiki ya kawo ni birni. Yarana uku, babban shekararsa 14. Ba su da rashin kunya, amma ban ga sun damu da kowa ba. Wani ya ce in mayar da su ƙauye su yi 'yan shekaru, wani ya ce in sa su a ƙungiyar aikin sa-kai. Da gaske tasowar ƙauye ce ke gyara hali? Kuma aikin sa-kai zai iya maye gurbinta?

Amsa: Ɗan'uwa, na daɗe ina karantar da ilimin halayyar jama'a, ina kuma aiki da ƙungiyoyin matasa masu sa-kai, kuma da wuya wata ya wuce ban ji irin tambayarka daga bakin wani uba ba. Ƙauye ya yi maka aiki, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya yi aikin wasu sharuɗɗa ne da rayuwar can ta ɗora maka tun kana ƙarami, ba tare da kowa ya zauna ya tsara su ba. In ka gane su, za ka iya samar wa 'ya'yanka mafi yawansu a inda kake. In ba ka gane su ba, kana iya kwashe yaran ka kai su can su yi shekara biyar, su dawo yadda suka tafi, sai dai ƙarin jin haushinka.

Tunanin cewa mutumin karkara ya fi kirki tsoho ne ƙwarai. Ibn Khaldun, masanin tarihin da ya rubuta littafin Muƙaddima a 1377, ya ware fasali guda a kan cewa mutanen karkara sun fi na birni kusa da alheri, wani fasalin kuma a kan cewa sun fi su jarumta. Amma dubi dalilin da ya bayar. Bai ce jininsu dabam ne ba. Cewa ya yi ɗan birni ya miƙa tsaron kansa da dukiyarsa ga mai mulki da sojoji da ganuwa, ya kwanta ya yi barcinsa, har abin ya zame masa jiki. Shi kuwa na karkara ba shi da wanda zai miƙa wa, dole shi ne mai gadin kansa. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa, cewa mutum ɗan abin da ya saba ne. Shekara 600 da 'yan kai bayan haka, bincike bai yi nisa da maganarsa ba.

Binciken da na fi so in nuna wa iyaye shi ne na wasu ma'aurata masana daga Jami'ar Harvard, Beatrice da John Whiting, wanda aka buga a 1975. An tura ma'aikata suka zauna a ƙananan wurare shida: a Kenya, Meziko, Filifin, Indiya, tsibirin Okinawa na Japan, da wani ƙaramin gari a arewa maso gabashin Amurka. Aikinsu su bi yara 134 masu shekara 3 zuwa 11, su rubuta abin da suka gani: wa ya taimaki wani, wa ya rarrashi mai kuka, wa ya nemi a kula shi, wa ya nemi ya danne ɗan'uwansa. Yaran Kenya da Meziko da Filifin suka fito a gaba wajen taimako da ɗaukar nauyi. Na Indiya da Okinawa da Amurka suka fi karkata ga neman a yi musu da neman a gan su. Ka lura, a cikin shidan babu babban birni ko ɗaya. Na Indiya ƙauyen manoma ne, na Okinawa ma haka. To ina bambancin ya fito? Daga aiki ya fito. Inda uwa take da aikin gona mai yawa, dole ta sauke wa yara wani nauyin: ɗebo ruwa, itace, kiwo, sama da duka rainon jariri. Yarinyar da aka bar wa ƙanenta ɗan wata takwas ba ta buƙatar wa'azi a kan tausayi. In ta shagala zai yi kuka, in ta gane yunwa ce ko barci zai yi shiru, kuma kullum sai ta karanci fuskar wani mutum wanda ba ita ba.

Carol Ember ta ƙara fito da abin fili a binciken da ta buga a 1973 a kan 'yan ƙabilar Luo ta Kenya. A gidan da babu 'ya mace da ta isa aiki, ɗa namiji uwa ke ɗora wa raino da aikin cikin gida. Da aka auna, waɗannan yaran sun fi sauran maza sanyin hali, ba su cika faɗa da son danne na ƙasa da su ba. Gari ɗaya, mutane ɗaya, aikin hannu kawai ya bambanta.

Wannan shi ne sharaɗi na farko, kuma a ganina shi ne mafi nauyi: kana yaro ana buƙatarka. Ka tuna da kyau. Aikin da aka ba ka, aiki ne da in ba ka yi ba wani zai kwana da ƙishi. In ka manta ba ka shayar da dabba ba, ba sai babanka ya bincika ba, dabbar da kanta za ta kai ƙararka. Yaron birni ma ana sa shi aiki, amma ya san in ya ƙi gyara ɗakinsa ba abin da zai ɓaci sai ran mahaifiyarsa. Yara ba wawaye ba ne. Suna bambance aikin gaske da wanda aka ƙirƙira don a ce an ba su tarbiyya, kuma na farkon ne kaɗai ke sa yaro ya ji yana da amfani a duniya.

Na biyu shi ne ido. A ƙaramin wuri, wanda ka cuta yau shi za ka tarar a bakin rijiya gobe. Ƙarya ba ta da wurin ɓuya, alheri ma ba ya ɓata. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin yadda ƙananan al'ummu ke kula da abin da suka haɗa, wurin kiwo da daji da ruwan noma, ba tare da sun cinye shi ba. Cikin misalanta akwai ƙauyen Törbel a tsaunukan Siwizalan, mai rubutacciyar yarjejeniya tun 1483, da dokar 1517 da ta hana kowa kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa a lokacin sanyi. Ɗaruruwan shekaru ana bin wannan doka. Ostrom ba ta ce don mutanen waliyyai ne ba. Kowa na ganin kowa, akwai mai ƙirga shanun, akwai tara ga wanda ya ƙetare, kuma kowa ya san jikokinsa a nan za su zauna. Yaron da ya taso a irin wannan wuri yana koyon cika alkawari tun bai san sunan abin ba.

Sai dai a nan zan ɗan ɓata maka rai. Halin da ido ya gina, wani lokaci ido ne ke riƙe da shi. Duk mun san wanda a garinsu ba ya iya ɗaga kai gaban manya, ya shigo birni ya ga ba wanda ya san sunan ubansa, kafin shekara ta zagayo ya zama wani mutum. A 1987 Nancy Steblay ta tattara gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan ko mutanen ƙauye sun fi taimako. Ta samu cewa e, an fi samun taimako a ƙananan wurare, kuma yana fara raguwa in mutanen gari sun kai wajen 300,000. Amma inda aka nemi taimakon ya fi tasiri a kan inda mai taimakon ya taso. Wato ɗan ƙauye in ya tsaya a tsakiyar cunkoso yakan yi irin na mutanen cunkoso. Wani gwaji da aka yi a makarantar horar da malaman coci ta Princeton a Amurka, aka buga a 1973, ya nuna ɗaya daga cikin dalilan. An tura ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su je wani gini su yi jawabi, aka ajiye mutum a hanya yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce wa akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun taimaka. Cikin waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 kacal. Saboda haka kafin ka yanke hukunci a kan zuciyar 'ya'yanka, ka dubi yadda yininsu yake. Yaron da aka fitar da sassafe, aka dawo da shi da yamma, aka zaunar da shi gaban aikin makaranta, yaushe ya ga wani balle ya damu da shi?

Na uku ba zan daɗe a kansa ba don ka san shi: gani. A ƙauye yaro yana ganin babansa ya bar nasa ya tafi taya wani, yana jin yadda ake sasanta rigima. Glen Elder da Rand Conger sun bi iyalai 451 a karkarar jihar Iowa ta Amurka tun daga 1989. 'Ya'yan gidajen da ke da alaƙa da gona sun fi shiga harkokin jama'a da jagoranci. Da aka bi diddigi, sai aka ga igiyar ta bi ta wurin iyaye masu shiga al'amuran gari, da aikin da yara ke yi tare da manya, da kusanci da kakanni. Gonar dai ita ce ta tara waɗannan wuri guda.

Yanzu bari mu taɓo abin da masu kewar ƙauye ba su cika son a taɓo ba, don wanda ya bar gida yakan tuna inuwar ya manta ƙayar. Wannan idon da ke hana ƙarya shi ne kuma ke hana mutum ya fita dabam. Shi ke sa yarinya mai yawan tambaya ta koyi yin shiru, shi ke sa a rufe laifin babba don gudun abin kunya. Edward Banfield ya zauna a wani ƙauye a kudancin Italiya a tsakiyar shekarun 1950, ya tarar da mutanen da kowa zai iya mutuwa saboda iyalinsa, amma ba a iya haɗa su su gyara abin da ya shafi kowa, don kowa na zargin maƙwabcinsa zai ci bulus. An soki Banfield cewa ya ɗora wa talakawa laifin talaucin da wasu suka jefa su ciki, kuma masu sukar suna da gaskiyarsu. Amma irin wannan ƙauyen akwai shi, kuma shi ma yana tarbiyyar yara.

Shalom Schwartz, wanda ya fitar da taswirar ɗabi'u goma a 1992 bayan gwaji a ƙasashe 20, ya raba abu biyu da mukan dunƙule a kalma ɗaya, kirki. Akwai kyautata wa naka, wanda kuke cuɗanya kullum. Akwai kuma damuwa da hakkin kowane mutum, har wanda ba ka sani ba, ba addininku ɗaya ba, ba zai taɓa rama maka ba. Mutum na iya cika maƙil a na farko ya zama fanko a na biyu. Ƙaramin wuri gwani ne wajen koyar da na farko. Na biyun kuwa sai an yi dace, don baƙo ba ya yawa a can, in ma ya zo, baƙon kwana biyu ne da ake karramawa, ba wanda za a raba hakki da shi ba.

A nan ne aikin sa-kai ke da abin da ƙauye ba ya cika bayarwa. Taimakon ƙauye, in za mu faɗi gaskiya, rance ne mai dogon wa'adi: na taya ka yau, ka taya ni gobe, wanda ya saba zamewa kuma a bar shi da nasa. Ba aibu ba ne, da shi aka rayu. Amma wanda ya je ya ba da jini bai san jikin wa zai shiga ba. Wanda ke koya wa 'ya'yan wasu karatu a ranar hutunsa ba ya jiran su taya shi komai. Kuma galibi ba sai mutum ya zama mai tausayi sannan yake farawa ba. Mutane na shigowa ne da buƙatu iri-iri: wani abokai yake nema, wani gogewar da za ta taimake shi samun aiki, wani kaɗaici ne ya koro shi. Ni kaina na daina tambayar matasa me ya kawo su, don amsar ranar farko ba ta nuna wanda zai daɗe. Jane Piliavin da Peter Callero, da suka bi masu ba da jini a Amurka, sun ga cewa karon farko sau da yawa wani ne ya ja mutum, ko kunya ta hana shi ƙi. In ya yi ta komawa kuwa, sai lissafin ya juya, ya fara ganin kansa a matsayin mai ba da jini, daga nan ba ya buƙatar a kira shi. Imamu Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga su faɗa da nasa harshen: mai son ya zama mai kyauta sai ya tilasta wa kansa aikin masu kyauta, ya yi ta yi da ƙyar, har a wayi gari abin ya zama ɗabi'a yana jin daɗinsa.

Mai hankali zai ce, to ai wataƙila dama masu kirki ne ke shiga aikin sa-kai, ba aikin ne ya gyara su ba. Wannan ƙalubale ne na gaske, kuma yawancin binciken da ake yaɗawa bai tsallake shi ba. Cikin waɗanda suka kusa tsallakewa akwai na Doug McAdam. A 1964 ɗaruruwan ɗaliban jami'a, mafi yawansu farare daga arewacin Amurka, suka tafi jihar Mississippi don taya baƙaƙen fata rajistar zaɓe da koyarwa, a lokacin da hakan kan jawo duka ko kisa. An kashe uku daga cikin ma'aikatan tun farkon aikin. McAdam ya samo takardun neman shiga, ya ga akwai waɗanda aka ɗauka suka je, akwai waɗanda aka ɗauka amma suka fasa. A takarda ra'ayinsu kusan ɗaya ne. Bayan kusan shekara 20 ya neme su. Waɗanda suka je sun fi ci gaba da fafutukar jama'a, kuma abin ya taɓa irin aikin da suka zaɓa, har da zaman aurensu. 'Yan watanni ne kacal, amma sun karkatar da rayuwa. Wani abin da ya gano zai fi yi maka amfani: babban abin da ya raba wanda ya je da wanda ya fasa shi ne ko yana da aboki ko ƙungiya a cikin tafiyar. Aƙida duk suna da ita. Wanda ake jira a bakin ƙofa shi ya fita.

Sai batun tilas, wanda na san yana ranka tunda babban naka ya kai 14. Wasu hukumomi sun gwada. Jihar Maryland ta Amurka ta wajabta awa 75 na hidimar jama'a kafin kammala sakandare tun 1992, lardin Ontario na Kanada ya sa awa 40 a 1999. Sakamakon bincike a kan irin wannan ya rabu biyu. Arthur Stukas da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa ɗaliban da suka ji an yi musu dole, niyyarsu ta sake yi nan gaba ta yi rauni. Edward Metz da James Youniss kuma, a 2005, sun kwatanta ɗaliban wata sakandare kafin da bayan an sa dokar awa 40, suka ga waɗanda da ba za su taɓa zuwa da kansu ba su suka fi ƙaruwa. Ga yadda na haɗa biyun, daga abin da na gani a aikace. Tura yaro bakin ƙofa ba laifi ba ne, don wanda bai taɓa shiga ba bai san abin da yake ƙi ba. Abin da ke kashe zuciya shi ne a zaɓa masa wurin, a zaɓa masa aikin, a tsaya a kansa ana ƙirga awa. Ka ce masa zuwa dole ne, amma me zai yi in an je, wannan nasa ne. Kuma kada ka biya shi. A wani gwaji da Uri Gneezy da Aldo Rustichini suka buga a 2000, 'yan sakandaren da aka tura tara gudummawa gida-gida ba tare da alkawarin komai ba sun fi waɗanda aka ce za a ba su wani kaso tarawa. Waɗanda aka yi wa alkawarin kashi 1 cikin 100 na abin da suka tara su suka zo ƙarshe.

Ba kowane abin da ake kira aikin sa-kai ne ke gina hali ba, wannan kuwa na gan shi har na gaji. Akwai na riga iri ɗaya da hoto: a taru rana guda, a share titin da ba a tambayi masu shi ba, a ɗora a Facebook, a watse. Bai cutar da kowa ba, amma abin da yaro ya koya shi ne alheri abu ne da ake yi gaban kyamara. Akwai wanda ya fi shi haɗari, inda ake kai 'ya'yan masu hali su raba kaya ga mabuƙata, su dawo suna jin su wasu ne. Na taɓa jin yarinya ta dawo daga irin wannan fita tana cewa ta gode Allah da ba ta zama kamar su ba. Godiya ce kam, amma tazarar da ke tsakaninta da su ƙaruwa ta yi. Aikin da na ga yana canza matasa ya yi kama da wanda ka yi kana yaro. Wuri ɗaya ake komawa mako bayan mako. Akwai mutum takamaimai da ya san sunanka, wanda zai tambaya in ba ka zo ba. Akwai babba da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da kai, ba mai ba da umarni daga inuwa ba. Kuma wata rana wanda ka je taimakawa shi zai koya maka wani abu, ka dawo gida kana jin kunyar kanka kaɗan. Wannan kunyar tana da amfani.

Game da mayar da su ƙauye: su je, su san danginsu, su ga inda ka fito, wannan yana da nasa amfanin. Amma kada ka ɗora wa abin buri mai yawa. Ɗan birnin da ya je hutu baƙo ne. Kaka za ta hana a sa shi aiki, 'yan'uwa su yi ta kallonsa, ya dawo ba abin da ya taɓa sai labari. In kuma aka kai shi a matsayin horo, to ka koya masa cewa asalinka wurin hukunci ne. Ƙauyen ma da ke cikin kanka ba lallai yana nan yadda ka bar shi ba.

Abin da zan ce ka yi ya fi wannan wuya, don a cikin gidanka yake. Ka ba kowane yaro aiki ɗaya na gaske, wanda in ya bari kowa zai ji a jikinsa, kuma in ya bari kada mahaifiyarsa ta yi sauri ta rufa masa asiri. A bar gidan ya ji rashin. Babban ya riƙa kula da ƙaramin sosai, har da karatunsa da rarrashinsa, ko da namiji ne. Ka rage musu gudu, ko da yamma ɗaya ce a mako da ba darasi ba waya. Sannan ga tambayar da ban so in yi maka ba amma dole: kai, tun da ka zo birni, yaushe rabon da su gan ka ka bar naka ka tafi na wani? Da yawa daga cikinmu da muka taso a karkara mun zo birni mun rufe ƙofa, muna tura kuɗi gida ta waya, muna ganin mun sauke nauyi. Mun sauke ɗin, amma yaro ba ya ganin kuɗin da aka tura. Ka nemi wuri ɗaya kusa da ku, asibiti ko makaranta ko gidan marayu ko wurin ibadarku in suna irin wannan aiki, ka fara zuwa kai kaɗai na 'yan makonni har a san ka. Sannan ka ce wa babban ya raka ka, ya zo da abokinsa ɗaya in yana so. Makonnin farko zai yi ta duba waya yana tambayar yaushe za a tashi. Kada ka yi masa wa'azi a hanyar dawowa, ka tambaye shi kawai wa ya gani, me suka yi magana a kai. Ka ba abin wata shida kafin ka auna. Abin da za ka duba shi ne ranar da kai ba za ka samu zuwa ba: zai ce a bari sai wani makon, ko zai ce akwai wanda ke jiransa?